Yadda Majalisar Dokokin Legas ke tantance kwamishinan da zai riƙe harkar ƙwadago

Gwamna ne ke zaɓo mutum, amma ba zai rantsar da shi kwamishina ba sai 'yan majalisa 40 da ke zama a Alausa, Ikeja, sun amince. Haka sashe na 192 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Gyaran da aka yi wa kundin a 2023 ya ƙara da cewa dole sabon gwamna ya miƙa sunayen cikin kwana 60 da shan rantsuwa.

Sharaɗin ba tsauri: duk wanda ya cancanci tsayawa takarar ɗan majalisar jiha ya cancanci kujerar. Wato ɗan Najeriya, mai shekara 25 zuwa sama, da karatu aƙalla matakin sakandare. Babu inda doka ta ce sai ya san harkar ƙwadago.

Da wasiƙar gwamna ta iso, kakakin majalisa zai karanta ta a zaure, a kafa kwamitin da zai duba takardun makaranta da na haraji, ya yi wa mutumin tambayoyi, ya kawo rahoto. Daga nan sai ƙuri'ar murya, suna bayan suna. Idan majalisa ta yi gum har kwana 21 na aiki da karɓar sunan, doka ta ɗauka naɗin ya tabbata. Kuma majalisar takan ƙi. A watan Agustan 2023, cikin sunaye 39 da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya aika, 22 ne suka tsallake, aka mayar da 17.

Babbar ɓarakar ita ce ana aika sunaye ba tare da an faɗi ma'aikatar da kowa zai riƙe ba. Sai a tantance mutum a yau, ranar rantsuwa a ji an ba shi ma'aikatar da ke kula da albashi da horar da ma'aikatan gwamnati, ko wadda ke kula da samar da aikin yi, alhali ba wanda ya tambaye shi yadda zai zauna da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC idan sun ba da wa'adin yajin aiki. Wannan abin gyara ne, domin talaka ne ke kwana a ciki.

Sai dai a san iyakar ikon kwamishinan. Dokar ƙwadago da mafi ƙarancin albashi na hannun tarayya. Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ita ce ta ƙasa baki ɗaya, naira 85,000 da Legas ta sanar kuwa ta ma'aikatan jiha ce. Maigadin da ke kwana a ƙofar wani gida a Ikoyi, ko ɗan dakon da ke sauke kwandunan tumatir a Mile 12 tun kafin asuba, ba kwamishina ne zai sa a biya shi wannan kuɗin ba.

Mai ƙorafi kan wanda aka zaɓa ya rubuta takardar koke zuwa ga kakakin majalisa, da cikakken sunansa da sa hannu da kwafin hujja, ya kai ofishin akawun majalisa, a buga masa hatimi a nasa kwafin. Idan ƙungiya ce, ta 'yan kasuwar Agege ko ta Idi-Araba, ta bi ta hannun ɗan majalisar mazaɓarta, kuma ta kai tun kwamiti bai miƙa rahoto ba.