Tamoxifen

Tamoxifen ƙwayar magani ce da ake sha ta baki domin maganin sankarar mama, cutar da jama'a ke kira dajin nono. Aikinsa shi ne tare wa istirojin hanya, wato sinadarin da gidan ƙwan mace ke samarwa, kada ya kai ga ƙwayoyin cutar ya ciyar da su. Shi ne mafi daɗewa kuma mafi yaɗuwa a cikin magungunan da ke wannan aiki, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana ba mata masu ganin al'ada da waɗanda suka daina, ana kuma ba maza, domin su ma sukan kamu da wannan cuta, ko da yake ba su wuce kusan 1 cikin 100 na masu ita ba. Ba kowace sankarar mama yake wa aiki ba, sai wadda gwaji ya nuna tana dogara da istirojin wajen girma.

Asalinsa

Tun kafin a san wani abu wai shi istirojin, likitoci sun lura akwai dangantaka tsakanin nono da gidan ƙwan mace. A shekarar 1896 wani likitan tiyata a birnin Gilasgo, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire gidan ƙwai ga matan da sankararsu ta yi nisa, ya kuma ga ciwon ya ja baya a jikin wasu. An ci gaba da wannan tiyata shekaru da dama, tana yi wa wasu amfani tana ƙin wasu, ba a san dalili ba. Sai a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya nuna cewa a cikin wasu ƙwayoyin halittar jiki akwai wani furotin na musamman da ke kama istirojin. Daga nan aka fara gane cewa ciwon da ke ɗauke da wannan makarɓa shi ne ke ja baya idan an hana shi sinadarin.

Shi kansa maganin an haɗa shi a 1962 a kamfanin ICI da ke Ingila. Masaniyar haɗa sinadarai Dora Richardson ce ta haɗa shi, a rukunin masu bincike da Arthur Walpole ke jagoranta, aka ba shi lamba ICI 46,474. Maganin hana ɗaukar ciki suke nema. A jikin ɓeraye ya hana haihuwa, amma da aka zo kan mata sai ya riƙa sa su sakin ƙwai. Walpole ya dage a gwada shi a kan sankara. Gwajin farko an yi shi ne a Asibitin Christie da ke Mancesta, aka buga sakamakon a 1971: cikin mata 46 da cutarsu ta yi nisa, 10 sun sami sauƙi a fili, kuma illarsa ba ta kai ta magungunan da ake da su a lokacin ba. Birtaniya ta amince da shi a 1973 da sunan Nolvadex, Amurka ta biyo baya a 1977. Binciken masanin magunguna Craig Jordan a shekarun 1970 ya taimaka wajen kafa ra'ayin a riƙa ba da shi bayan tiyata, na tsawon shekaru, tun kafin cutar ta sake ɗago kai. Wannan ne ya zama babban amfaninsa har yau.

Yadda yake aiki

Istirojin sinadari ne da gidan ƙwai ke samarwa a jikin mace mai ganin al'ada. Bayan al'ada ta ɗauke, jiki yana ci gaba da samar da kaɗan daga kitse da wasu sassa. Idan ya shiga ƙwayar halittar nono ya haɗu da makarɓarsa, sai ya ba ta umarnin ta rabu ta hayayyafa. A jikin lafiyayya wannan shi ne ke gina nono lokacin balaga da juna biyu. Idan kuwa ƙwayar ta zama ta sankara, umarnin nan shi ke ƙara mata yawa. Tamoxifen kamar makulli ne da ke shiga kwaɗo daidai amma ba ya buɗewa, kuma muddin yana ciki makullin gaskiya ba shi da wurin shiga.

Ƙwayar da aka haɗiya ba ita ce ke yin yawancin aikin ba. Sai ta isa hanta, a can a sarrafa ta zuwa wasu sinadarai masu ƙarfi, babbansu endoxifen. Wani furotin na hanta mai suna CYP2D6 ne ke da babban hannu a wannan sarrafawa, shi ya sa magungunan da ke dakushe shi suke iya rage ƙarfin tamoxifen.

Abin lura shi ne ba ko'ina yake tare istirojin ba. A nono yana tare shi, amma a ƙashi da mahaifa da hanta yakan kwaikwayi aikinsa. Daga nan amfaninsa na gefe yake fitowa, kamar kare ƙashin macen da ta daina al'ada da rage wani kaso na kitsen jini, daga nan kuma manyan illolinsa suke fitowa.

Gwajin da ke gaban magani

Kafin a rubuta tamoxifen, ana ɗebo ɗan nama daga ƙullutun da ke nonon, ko da allura mai kauri ko a lokacin tiyata, a kai ɗakin gwaji. A can ake yanka shi sirara-sirara, a shafa masa wani rini da ke nuna makarɓar istirojin, a duba a madubin likita. A takardar sakamako za a ga haruffa ER (makarɓar istirojin) da PR (makarɓar wani sinadarin mata mai suna furojestaron) da HER2 (wani furotin da ke sa ciwo saurin girma), kowanne da alamar akwai ko babu. Idan aƙalla 1 cikin 100 na ƙwayoyin sun kama rinin ER, ana lissafa ciwon cikin masu makarɓa. Idan babu ER babu PR, tamoxifen ba zai yi wa wannan ciwo komai ba, ko an shekara goma ana sha.

A Turai da Amurka kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sankarar mama masu makarɓa ne. Binciken da aka yi a Najeriya ya ba da alƙaluma mabambanta, wasu sun yi ƙasa ƙwarai da haka, wasu sun kusa. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka kawo shi ne yadda ake riƙe naman bayan an yanke shi. Ƙa'ida ita ce a tsoma shi cikin ruwan fomalin cikin sa'a guda, ya zauna a ciki tsakanin sa'a 6 zuwa 72. Naman da aka yanke a wani ƙaramin asibiti, aka bar shi a kwano cikin zafin watan Afrilu, ko aka saka babban yanki a 'yar kwalba da ruwan bai rufe shi ba, aka ba ɗan'uwan maras lafiya ya hau mota da shi zuwa ɗakin gwaji a Zariya, yana iya isa makarɓar ta lalace. Sai sakamako ya fito babu, alhali akwai, a hana mace maganin da zai iya ƙara mata shekaru. Wannan asara ce babba da kwalba mai faɗi da isasshen fomalin za su hana. A wuraren da gwajin ba ya samuwa sam, likitoci sun daɗe suna ba da maganin a kan zato, amma inda hali ya yi, gwajin shi ne daidai.

Yadda ake sha da abin da yake yi

Adadin da aka saba shi ne miligiram 20 sau ɗaya a rana, da abinci ko babu. Akan fara bayan an gama tiyata da kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin sankara, ana kuma iya sha a lokacin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Da yake yana daɗewa a jini, sai kwana 5 zuwa 7 kafin rabinsa ya fita, sauya lokacin sha ba ya ɓata aikinsa. Mai azumin Ramadan tana iya mayar da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Wadda ta manta wata rana sai ta ci gaba washegari, ba sai ta haɗa biyu ba.

Tsawon lokacin shi ne aƙalla shekara 5. Babban nazarin da masana a Okusfod suka haɗa daga gwaje-gwaje masu yawa, wanda aka buga a 2011, ya nuna cewa shekara 5 na tamoxifen yana rage dawowar cutar da kusan rabi a shekarun farko, yana kuma rage mutuwa daga sankarar mama da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. Wato kariyar tana ci gaba bayan an ajiye maganin. Gwajin ATLAS, wanda ya bi mata 6,846 masu makarɓa, ya kwatanta shekara 5 da shekara 10: daga shekara ta 5 zuwa ta 14, mutuwa daga cutar ta kasance kashi 15 cikin 100 ga waɗanda suka tsaya, kashi 12.2 ga waɗanda suka ci gaba. Saboda haka akan tsawaita wa wasu mata, musamman waɗanda cutar ta riga ta taɓa kaluluwar hammata.

Inda ake yawan samun matsala shi ne shekara ta biyu da ta uku. Rauni ya warke, gashin kai ya dawo, mace ta koma kasuwarta ko ajinta ko ɗinkinta, 'yan'uwa suna cewa ai ta warke, me ya rage? Kuɗin mota zuwa asibiti yana nan, zufar dare tana nan, sai a ajiye ƙwayar. Sankara mai makarɓa kuwa tana da halin kwanciya shiru a ƙashi ko hanta ko huhu, ta taso bayan shekara 10 ko fiye. Ƙwayoyin da ido ba ya gani su ake yaƙa, don haka jin lafiya ba ya nuna aikin ya ƙare. Haka kuma maganin ba ya maye gurbin tiyata. Sayen sa a kyamis don gudun yanka nono jinkiri ne da ke ba ciwo damar yaɗuwa.

Idan cutar ta riga ta bazu, ana ba da shi domin danne ta da rage raɗaɗi, a ci gaba muddin yana aiki. Tun 1998 kuma Amurka ta amince a ba matan da ke cikin babban haɗarin kamuwa domin rigakafi.

Illoli

Mafi yawa shi ne zafi da ke tasowa kwatsam daga ƙirji zuwa fuska, da zufa, musamman da dare. A bazarar Zariya wannan yana hana barci sosai, kuma tufafin auduga mara nauyi da ruwan sanyi a kusa da shimfiɗa suna taimakawa. Akwai kuma farin ruwa daga gaba ko bushewarsa, rikicewar al'ada ko ɗaukewarta, gajiya, da sauyin hali. Yawancinsu sukan lafa bayan watanni.

Masu haɗari ba su da yawa amma wajibi ne a san su. Na farko gudan jini a jijiyar ƙafa, wanda zai iya tafiya huhu. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko sarƙewar numfashi da ciwon ƙirji farat ɗaya, abin zuwa asibiti ne nan take. Haɗarin yana ƙaruwa da doguwar kwanciya, tiyata, da dogon zama a mota ko jirgin aikin Hajji, don haka a sanar da likita kafin irin waɗannan. Na biyu sankarar bangon mahaifa, wadda ta fi shafar matan da suka haura shekara 50. A gwajin ATLAS ta sami kashi 3.1 cikin 100 na masu shan shekara 10, da kashi 1.6 na masu shekara 5. Alamarta ta farko jini ne ba na al'ada ba, kuma idan an kama ta da wuri tiyata tana maganinta. Kunya kan sa dattijuwa ta ɓoye irin wannan jini, ya kamata 'ya'yanta mata su riƙa tambaya. Ana kuma samun yanar ido da taruwar kitse a hanta.

Wasu magungunan damuwa, irin su paroxetine da fluoxetine, suna dakushe CYP2D6. Rifampicin na maganin tarin tibi yana rage yawan tamoxifen a jini. Warfarin kuwa, maganin hana gudan jini, ƙarfinsa yana ƙaruwa har ya jawo zubar jini. Duk jiƙo ko sassaƙe da ake sha, a faɗa wa likita.

Ciki da shayarwa

Tamoxifen yana iya cutar da ɗan tayi, kuma ba ya hana ɗaukar ciki, ko da al'ada ta ɗauke. Wannan batu yana da nauyi a nan, domin a Najeriya cutar tana yawan kama mata tun suna shekarun haihuwa. Ana amfani da hanyar tazara marar sinadarin homon, kamar robar mahaifa mai jan ƙarfe ko kwaroron roba, a lokacin sha da wasu watanni bayan an daina. Ba a shayarwa a kansa. Gwajin POSITIVE da aka buga a 2023 ya bi matan da suka dakatar da magani bayan wata 18 zuwa 30, suka nemi haihuwa cikin shekara 2 sannan suka koma, bai kuma ga ƙarin dawowar cuta a shekarun farko ba. Shawara ce da ake yankewa tare da likita, kuma yana da kyau maigida ya kasance a wurin.

Sauran magungunan wannan rukuni

Ga matan da suka daina al'ada akwai anastrozole da letrozole da exemestane, waɗanda ke hana jiki ƙera istirojin daga kitse. Sun ɗan fi tamoxifen hana dawowar cuta a wannan rukuni, amma suna kawo ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi. Mace mai al'ada ba za su yi mata aiki ba sai an dakatar da gidan ƙwanta da allura irin goserelin ko an cire shi. Fulvestrant allura ce ta wata-wata da ke lalata makarɓar, ana amfani da ita idan cuta ta bazu.

A Zariya

Ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna sababbin masu sankarar mama a Najeriya sun haura 28,000, waɗanda suka rasu sun haura 14,000, kuma ita ce kan gaba a sankarar mata a ƙasar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da sankara da gashi da kuma sashen binciken nama, yana karɓar marasa lafiya daga Kaduna da jihohin da ke kewaye. Yana cikin asibitoci shida da gwamnatin tarayya ta fara da su a Asusun Tallafin Masu Sankara, wanda ya ƙunshi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostat, wato wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ga marasa hali. Da yake kamfanoni da yawa ne ke yin tamoxifen yanzu, yana cikin magungunan sankara mafi araha. Ana so a saye shi a kantin maganin asibiti ko wanda ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa a jikin kwali, a kuma ajiye shi inda rana da laima ba sa kaiwa.