Waiwaye: Gardamar Jiragen da Aka Harbo Tsakanin Indiya da Pakistan

A ranakun da suka biyo bayan 7 ga Mayun 2025, ranar da Indiya ta kai wa Pakistan hari har jiragensu suka fafata, majalisun da nake zama a Gusau ba su da wata hira sai ta jiragen yaƙin Indiya da Pakistan. Kowa da bidiyon da aka turo masa a waya, wani na nuna jirgi yana ci da wuta, wani na nuna tarkace a gona, kuma daga baya masu tantance labarai suka gano cewa da yawa tsofaffi ne, wasu ma daga wasan kwamfuta aka yanko su. Wasunmu zuciyarsu na tare da Pakistan saboda zumuncin addini, ko da yake Musulmin Indiya ma ba su gaza na Pakistan da nisa ba wajen yawa, wasu kuma sun tashi da finafinan Indiya har suna jin ƙasar kamar ta dangi. Tambayar da aka kasa amsawa ita ce jirage nawa aka harbo, kuma na wa. Wannan tambaya ta girmi yawancin masu musun, domin ƙasashen biyu sun kai shekara sittin suna yin ta.

Tushen gabar shi ne Kashmir, yankin da kowaccensu ke iƙirarin nata ne tun da Birtaniya ta raba su a 1947. Gardamar sama kuwa ta yi ƙarfi ne a yaƙin 1965. Pakistan ta ce a ranar 7 ga Satumba matuƙinta Muhammad Mahmood Alam, cikin jirgin F-86 Sabre ƙirar Amurka, ya kakkaɓo jiragen Hunter guda biyar na Indiya a kusa da Sargodha cikin ƙasa da minti ɗaya. Indiya ta ce abin da ta rasa a wannan karon bai kai haka ba, kuma har a cikin tsofaffin hafsoshin Pakistan an sami masu shakkar adadin. Duk da haka Alam ya zama gwarzo, akwai babban titi mai sunansa a Lahore, kuma ranar ce Pakistan ta ware domin karrama sojojin samanta. A Agustan 1999, bayan rikicin Kargil da ƙasashen biyu suka gwabza a Kashmir, jirgin MiG-21 na Indiya ya harbo jirgin sintirin sojojin ruwan Pakistan samfurin Atlantique, mutum 16 suka mutu. A nan babu musu kan harbin, sai dai kan ko a sararin samaniyar wace ƙasa jirgin yake. Pakistan ta kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron shari'ar.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne Fabrairun 2019, domin a nan ne aka ga yadda ake gina iƙirari da yadda yake rushewa. Ranar 14 ga watan, ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe jami'an tsaron Indiya 40 a Pulwama, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Indiya, ƙungiyar Jaish-e-Mohammed mai mazauni a Pakistan ta ɗauki alhaki. Ranar 26 jiragen Mirage 2000 na Indiya suka jefa bama-bamai a Balakot da ke cikin Pakistan, Indiya ta ce ta hallaka mayaƙa masu yawa a wani sansani, Pakistan ta ce bishiyoyi kawai aka sama, hotunan tauraron ɗan'adam da masana suka nazarta kuma suka nuna gine-ginen na nan a tsaye. Washegari Pakistan ta mayar da martani, jirage suka yi arangama a kan layin da ya raba Kashmir.

Kakakin rundunar sojin Pakistan, Manjo Janar Asif Ghafoor, ya fara da cewa an harbo jirage biyu kuma matuƙa biyu na hannu, kafin yamma ya gyara ya ce matuƙi ɗaya ne. Wannan ɗayan shi ne Abhinandan Varthaman, wanda jirginsa MiG-21 ya faɗi a ɓangaren Pakistan, mutanen ƙauye suka kama shi, sojoji suka karɓe shi daga hannunsu, aka kuma nuna shi a bidiyo yana shan shayi. Firaminista Imran Khan ya sanar a majalisa cewa za a sake shi, aka miƙa shi a kan iyakar Wagah ranar 1 ga Maris. Jirgi na biyu da Pakistan ta ce ta harbo, wato Su-30, ba a taɓa nuna tarkacensa ba, kuma Indiya ta musanta shi. Ita kuma Indiya ta ce kafin a harbo Abhinandan ya kakkaɓo F-16 na Pakistan. Hujjar da ta fara nunawa ita ce ɓaraguzan makami mai linzami na AMRAAM, wanda a cikin jiragen Pakistan F-16 ne kaɗai ke ɗaukarsa. Wannan ya tabbatar da cewa F-16 ya shiga faɗan, abin da Pakistan ta so ta musanta da farko saboda sharuɗɗan da Amurka ta gindaya mata kan amfani da jirgin, amma bai tabbatar da cewa an harbo shi ba. A Afrilu mujallar Foreign Policy ta ruwaito cewa jami'an Amurka sun ƙirga jiragen F-16 na Pakistan ba su ga wanda ya ɓace ba, Indiya ta fito da hotunan na'urar hango jirage ta ce ga inda ya ɓace, sannan ta bai wa Abhinandan lambar yabo ta Vir Chakra a kan wannan bajinta.

Akwai wani abu na wannan rana da ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi taɓa ni. Jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-17 na Indiya ya faɗi a Budgam, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Indiya, sojojin sama shida da farar hula ɗaya suka rasu. Sai a watan Oktoba babban hafsan sojin saman Indiya, Rakesh Bhadauria, ya amsa a bainar jama'a cewa makaminsu ne ya same shi bisa kuskure. Iyalan mamatan sun yi wata bakwai kafin hukuma ta faɗa wa duniya wanda ya kashe 'yan uwansu.

Rikicin 2025 ya bi wannan sawu, sai dai ya fi girma. Bayan kisan mutum 26 a Pahalgam, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Indiya, ranar 22 ga Afrilu, a daren 7 ga Mayu Indiya ta kai hari wurare tara a Pakistan da ɓangarenta na Kashmir a farmakin da ta sanya wa suna Sindoor. Pakistan ta ce sama da jirage 100 ne suka fuskanci juna a daren, kuma ta harbo biyar, ciki har da Rafale uku ƙirar Faransa, da jiragenta J-10C da makamin PL-15 na ƙasar Sin. Daga baya ta ce shida ne. An tsagaita wuta ranar 10 ga Mayu. Indiya ta yi gum har zuwa 31 ga watan, lokacin da babban hafsan tsaronta, Janar Anil Chauhan, ya amsa a Singafo cewa an yi asarar jirage, ya ƙi faɗin adadi, ya kuma ce shida ba gaskiya ba ne. A Agusta babban hafsan sojin samanta, A. P. Singh, ya ce su ma sun harbo jiragen yaƙin Pakistan biyar da wani babban jirgi guda, akasari da makamin S-400 na Rasha. Ministan tsaron Pakistan, Khawaja Asif, ya ƙaryata, ya ce kowace ƙasa ta buɗe rumbun jiragenta masu bincike masu zaman kansu su ƙirga.

A ganina abu uku suka haɗu suka hana gardamar mutuwa, kuma na farko ya fi sauran nauyi. A zamanin Alam matuƙi na ganin abokin gabarsa da ido, duk da haka ana kuskure. Yanzu kuwa ana harba makami daga nisan da ya haura kilomita 100, kowane jirgi na cikin sararin ƙasarsa, abin da matuƙi ke gani ɗigo ne a allo, kuma ɗigon na iya ɓacewa don an harbo jirgin, ko don ya yi ƙasa ya ɓuya a bayan tsauni, ko don an rikita na'urar. Saboda haka mutum na iya rantsuwa ya harbo jirgi ba tare da ya yi ƙarya da gangan ba. Tarkacen kuma a gidan mai jirgin yake faɗuwa, inda zai killace wurin ya kwashe. Sai batun kuɗi, domin Indiya ta sayi Rafale 36 daga Faransa, kuma duk ƙasar da ke tunanin sayen jirgi tana kallon wanda ya kayar da wani. Sai siyasa: harin Balakot ya zo ana saura makonni a fara babban zaɓen Indiya, sojojin Pakistan kuma da irin wannan nasara suke kare matsayinsu a cikin gida.

Mu ma muna da ruwa da tsaki a maganar. Najeriya ta karɓi jiragen JF-17 guda uku, waɗanda Pakistan da Sin suka ƙera tare, aka ƙaddamar da su a Makurɗi a Mayun 2021, don haka ingancin makaman Sin ba labarin nesa ba ne gare mu. Mun kuma ga irin wannan musu a gida. Da jirgin Alpha Jet ya ɓace a Borno a ƙarshen Maris na 2021, Boko Haram ta fitar da bidiyo ta ce ita ta harbo shi, rundunar sojin sama ta ce haɗa bidiyon aka yi, kuma sai bayan kusan shekara guda sojoji suka tsinci tarkacen a dajin Sambisa. Wanda ya faɗi a nan Zamfara ranar 18 ga Yulin 2021 bai jawo doguwar jayayya ba, domin washegari rundunar ta amsa cewa 'yan bindiga ne suka buɗe masa wuta, matuƙin kuma, Abayomi Dairo, ya dira da lema, ya ratsa daji cikin dare har ya isa wurin sojoji, ya ba da labarin da bakinsa.