Sigina da wa'adin jira a sikirif masu haɗawa da na'urar nesa

Sigina gajeren saƙo ne da babbar manhajar kwamfuta ke aika wa aikin da ke gudana don sanar da shi wani abu ya faru. Wa'adin jira kuwa shi ne lokacin da aka ɗibar wa sikirif, wato jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta, ya saurari amsar na'urar nesa kafin ya haƙura.

Tarihi

Sigina ta fito ne daga babbar manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs da ke Amurka a 1969, kuma siginar ta bayyana wajajen farkon shekarun 1970. A lokacin ta layin tarho ake shiga kwamfuta daga nesa, shi ya sa sigina mai lamba 1, SIGHUP, ke nuna layi ya katse. Tsarin farko na da rauni: idan sigina biyu suka zo a jere, ta biyun kan iya kashe aikin kafin ya sake shiri. An gyara wannan a 4.2BSD, wani nau'in Unix, a 1983, ƙa'idar POSIX ta 1988, wadda manhajoji irin Unix ke bi, kuma ta daidaita tsarin. SSH, hanyar shiga kwamfutar nesa cikin tsaro, ya zo a 1995 daga Tatu Ylönen na ƙasar Finlan.

Yadda ake sarrafa su

Danna Ctrl da C na aika SIGINT (2), umarnin kill na aika SIGTERM (15). Da umarnin trap ake tare su, sikirif ya goge fayilolin wucin gadi ya rufe haɗi. SIGKILL (9) ba ya taruwa.

Haɗin da ya mutu shiru ya fi wahala. A ce mai shagon kwamfuta a Daura ya bar sikirif na tura fayiloli zuwa saba, wato kwamfutar nesa mai karɓar fayilolin, a Katsina da intanet ɗin wayarsa, sabis ya ɗauke tsakar dare. Babu siginar da za ta zo. Sikirif na iya yin ta jira, domin in haɗin ba ya ɗauke da saƙo a lokacin, bisa saitin asali Linux, babbar manhaja irin Unix, sai ya cika daƙiƙa 7200 kafin ya bincika ko haɗin TCP da ke tsakanin na'urorin biyu na raye, shi ma in an kunna binciken. Maganin abin na cikin saitunan SSH: ConnectTimeout na iyakance jiran farko, ServerAliveInterval na taɓa saba lokaci-lokaci, in aka yi sau 3 ba amsa a yanke. Bai kamata a saki sikirif ɗin dare ba tare da su ba.

Umarnin timeout na GNU, tarin manhajojin da ke zuwa tare da Linux, na tsayar da aikin da ya zarce wa'adi, ya mayar da lamba 124 a matsayin alamar wa'adi ya cika.