The Adventures of Robin Hood na 1938 da daraktansa Michael Curtiz

The Adventures of Robin Hood fim ne na jarumta da faɗan takobi da kamfanin Warner Bros. na Amurka ya saki a watan Mayu na 1938. Tsawonsa minti 102 ne, ya kuma ci wajen dala miliyan 2, kuɗin da kamfanin bai taɓa zuba wa wani fim ba kafin nan. Errol Flynn ne Robin, Olivia de Havilland ce Marian, Claude Rains shi ne Yarima John, Basil Rathbone kuwa ya fito a matsayin Sir Guy na Gisbourne, na hannun daman John kuma abokin gabar Robin. Da James Cagney aka yi niyyar ba babban matsayin, sai rikicin kwantiragi ya raba shi da kamfanin.

A labarin, an tsare Sarki Richard na Ingila a Ostiriya, ƙanensa John ya ƙaƙaba wa talakawan ƙasar, 'yan ƙabilar Saxon, haraji da sunan kuɗin fansa alhali gadon sarauta yake hari. Robin ya shiga dajin Sherwood ya tara mutanensa, suna ƙwace dukiyar azzalumai suna mayar wa masu ita.

Sunayen daraktoci biyu ne a kan fim ɗin. William Keighley ya fara aikin a watan Satumba na 1937 a Bidwell Park da ke Chico, jihar Kalifoniya, inda aka ɗauki yawancin fitowar daji. Kaka ta shigo, ganye ya soma canza launi, har sai da aka fesa wa wasu koren fenti. Aikin ya yi nawa, kuma furodusa Hal B. Wallis ya ga faɗan ba shi da armashi, sai ya cire Keighley ya kawo Curtiz.

An haifi Michael Curtiz a Budapest a 1886, ya yi finafinai da dama a Hangari da Ostiriya kafin Warner ta ɗauko shi a 1926. Shi ya fito da Flynn duniya ta san shi a Captain Blood na 1935, kuma sun yi finafinai 12 tare duk da ba sa ga maciji da juna. Mutum ne mai zafin rai da tsananta wa ma'aikata, amma ya san inda ake girka kyamara. Hannunsa ya fi bayyana a fitowar da aka ɗauka a cikin fada. A faɗan ƙarshe, Robin da Sir Guy suna gangarowa daga matakalar dutse suna sara da kariya, sai su fice daga idon kyamara, a bar mai kallo da manyan inuwoyinsu suna gwabzawa a jikin ginshiƙi. Fred Cavens ne ya tsara faɗan taku bayan taku. Rathbone ya fi Flynn iya takobi nesa ba kusa ba, sai dai labari ya ce shi zai faɗi.

Kibau na gaske aka harba. Gwanin baka Howard Hill ne ke harbin, waɗanda za a harba kuma suna sanye da farantin ƙarfe a ƙarƙashin riga, an lulluɓe shi da itacen balsa mai taushi domin kibiya ta kafe, ana biyan kowa dala 150 a kan kowace kibiya.

Launin fim ɗin na Technicolor ne mai zare uku: wani gilashi a cikin kyamara yana raba haske zuwa ja da kore da shuɗi, kowanne ya faɗa kan nasa zaren fim, daga baya a haɗa su da rini. Wannan rabon yana cinye haske, don haka dole a kunna fitilu masu yawa, ɗakin ɗauka ya yi zafi ƙwarai.

Erich Wolfgang Korngold ya baro Vienna don rubuta kiɗan, yana Hollywood Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya a watan Maris na 1938. Bayahude ne, kuma daga baya ya sha faɗin cewa wannan aikin ne ya ceci ransa. Kiɗan ya ci lambar Oscar, haka tacewar Ralph Dawson da tsara dandalin Carl Jules Weyl. Curtiz bai samu tasa ta darakta ba sai da Casablanca na 1942. Ya rasu a 1962, kuma a 1995 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin rajistar finafinan da ake adanawa.