Matsalolin amfani da sauya fasali a teburin Linux

Teburin Linux shi ne fuskar da mai kwamfuta ke gani yana kuma aiki da ita a babbar manhajar Linux: tagogi, jerin manhajoji, sandar ƙasa ko ta sama, folda da wurin saituna. Lasisin waɗannan manhajoji ya ba kowa damar duba rubutun da aka gina su da shi, ya sauya, ya kuma rarraba. Duk da haka, koke-koken da suka fi yawa a bakin masu amfani da su biyu ne: abu mai sauƙi yakan buƙaci rubuta umarni, kuma gyaran da mutum ya ɓata lokaci ya yi yakan rushe idan aka sabunta. Alƙaluman StatCounter, shafin da ke ƙididdigar masu shiga intanet, sun nuna Linux ya kai wajen kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur a duniya a 2024, kuma ana yawan lissafa waɗannan matsaloli cikin abubuwan da suka hana shi wuce nan.

Tushen matsalar

Windows da macOS kowanne kamfani ɗaya ne ke da shi daga sama har ƙasa. Linux hawa-hawa ne, kowane hawa da masu shi. A ƙasa akwai ƙwaya, wato sashen da ke sarrafa na'urar kai tsaye, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991. Bisanta akwai tsarin nuna hoto, X11 ko Wayland. Sai kayan zana tagogi da maɓallai, waɗanda GTK da Qt suka fi shahara. Sai muhallin tebur kansa, kamar GNOME, KDE Plasma, Xfce ko Cinnamon. A ƙarshe masu haɗa nau'o'in Linux irin su Ubuntu, Fedora, Debian da Linux Mint su tattara duka su ƙara nasu. Babu wanda ke da ikon tilasta wa wani, kuma alƙawarin cewa abin da ya yi aiki bana zai yi baɗi ba shi da ƙarfi a tsakanin hawa da hawa. Yawancin abin da mutum ke kira "Linux ya lalace" saɓani ne tsakanin biyu daga cikin waɗannan.

Rabuwar ta daɗe. Matthias Ettrich ya fara KDE a Jamus a 1996 a kan Qt, wanda lasisinsa a lokacin bai gamsar da masu ra'ayin 'yancin manhaja ba. Saboda haka Miguel de Icaza da Federico Mena suka fara GNOME a Meziko a 1997 a kan GTK. An daɗe da warware batun lasisin, amma har yau manhajar GTK da ta Qt a allo ɗaya suna iya bambanta a launi, girman rubutu da tagar buɗe fayil.

GNOME da rage zaɓi

Tun GNOME 2.0 a 2002 masu aikin suka ɗauki aƙidar cewa kowane saiti yana da tsada: dole a gwada shi, a fassara shi, a kuma kula da shi shekara da shekaru. Havoc Pennington ya rubuta wannan hujja a wata maƙala a shekarar, kuma ita ce ginshiƙin GNOME har yanzu. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai an sha aiwatar da ita ba tare da an tanadar wa mutane mafita ba.

GNOME 3.0 ya fito a watan Afrilun 2011 babu maɓallin rage taga ko na faɗaɗa ta, babu sandar da ke nuna tagogin da ke buɗe, kuma mai son kashe kwamfuta sai ya riƙe Alt kafin zaɓin ya bayyana. Torvalds da kansa ya soki tsarin a fili ya koma Xfce na ɗan lokaci. A shekarar aka tsage MATE daga GNOME 2, Linux Mint ta fara Cinnamon, Ubuntu kuma ta kama hanyarta da Unity har 2017 lokacin da ta dawo GNOME. Cire-ciren bai tsaya nan ba. A 2017, GNOME 3.26 ya cire wurin ƙananan alamomin manhajojin da ke aiki a ɓoye, irin su Dropbox da Telegram. A 2018, GNOME 3.28 ya cire ajiye fayil a kan tebur. Tagar zaɓen fayil ta GTK kuwa ta shafe daga 2004, lokacin da aka shigar da buƙatar, zuwa GNOME 44 a 2023 kafin ta iya jera hotuna a matsayin ƙananan samfura, abin da mai neman hoto ɗaya cikin ɗari ke buƙata kullum.

Wasu saitunan suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Maɓallan taga suna dawowa da manhajar GNOME Tweaks, ko da wannan umarni:

gsettings set org.gnome.desktop.wm.preferences button-layout ':minimize,maximize,close'

Sauran sai da ƙananan manhajojin ƙari, kuma nan ne babban ciwon yake. Ƙarin GNOME Shell rubutun JavaScript ne da ke shiga cikin tebur kai tsaye yana sauya aikinsa yayin da yake gudana. Babu ƙofa tabbatacciya da aka ware masa. GNOME yana fitar da sabon zubi duk wata shida, a Maris da Satumba, kuma kowane ƙari yana da fayil mai suna metadata.json da ke lissafa zubin da ya dace da shi. Idan lambar sabon zubi ba ta ciki, tebur ya ƙi loda shi. Ana iya kashe wannan bincike, amma hakan ba ya gyara komai idan cikin ya sauya, kuma ƙari ɗaya mai kuskure yana iya kayar da tebur gaba ɗaya domin a tsari ɗaya suke gudana. A GNOME 45, Satumban 2023, an sauya yadda ake shigo da sassan JavaScript, don haka kowane ƙari sai da aka sake gyara shi. Wanda mai shi ya daina kula da shi ya mutu ke nan.

Rigimar jigo

Jigo shi ne tarin launi da siffar da ake ɗora wa tebur. A GTK 3 jigo fayil ne na CSS, harshen tsara launi da siffa, da ke rufe na asali, kuma ba a taɓa yi masa tabbatacciyar ƙa'ida ba. Sakamakon shi ne farin rubutu a kan farin fili, ko maɓallin da ya ɓace. A 2019 wasu masu rubuta manhajojin GNOME suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu haɗa nau'o'in Linux su daina ɗora jigo a kan manhajojinsu, domin su ake kai wa ƙarar ɓarnar da ba su yi ba. A ƙarshen 2021 libadwaita, kayan zana tagogi da aka ɗora kan GTK 4, ya fito, ya kafe siffar manhajojin GNOME. Abin da aka bar wa mai amfani shi ne yanayin duhu, daga GNOME 42, da zaɓin launin ado, daga GNOME 47. Mai son fiye da haka sai ya ajiye nasa CSS a ~/.config/gtk-4.0/gtk.css, ya kuma san cewa babu wanda ya yi masa alƙawarin zai ɗore.

KDE Plasma ta ɗaya gefen take. Kusan komai yana da saiti, har sabon shiga yakan rasa inda abu yake, kuma saitunan sun warwatsu a fayiloli da yawa a ~/.config kamar kdeglobals da kwinrc. KDE 4.0 na Janairun 2008 ya fito bai kammala ba, ya kori mutane da dama. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: jigon gama-gari na Plasma yana iya ƙunsar rubutun da ke gudana da ikon mai kwamfuta. A Maris 2024 wani jigo daga shagon KDE ya goge fayilolin wani mai amfani saboda kuskure a umarnin gogewa da ke cikinsa, har KDE ta fitar da gargaɗi.

Daga X11 zuwa Wayland

X11 ya samo asali daga 1987. Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, shi ne magajinsa. Fedora 25 ta mai da shi tsarinta na asali a 2016, Ubuntu ta gwada a 17.10, ta janye a 18.04, ta dawo a 21.04, Plasma 6 kuma ya bi sahu a Fabrairun 2024. A X11 kowace manhaja tana iya ganin abin da ake bugawa a wata taga da abin da ke kan allo. Wayland ya toshe wannan don tsaro, kuma da shi ya toshe kayan aiki irin su xdotool, mai kwaikwayon dannawa da bugun kibod, da tsofaffin hanyoyin ɗaukar allo. Raba allo a taron bidiyo yanzu sai ta PipeWire, mai jigilar sauti da hoto, da xdg-desktop-portal, mai neman izinin mai kwamfuta. Baƙin allo a Zoom ko a burauza galibi yana nufin ɗayansu bai shiga ba, ko an saka na wani tebur daban.

Girman rubutu ma matsala ce. Allon laftof mai inci 14 da 1920×1080 yana son a kai girman rubutu kashi 125 ko 150 cikin 100, amma GNOME ya daɗe yana ba da 100 da 200 kawai sai an kunna saitin gwaji. Idan an kunna, tsofaffin manhajojin X11 da ke bi ta XWayland, gadar da ke gudanar da su a kan Wayland, sukan fito dishi-dishi domin miƙe hotonsu ake yi. Masu katin hoto na NVIDIA sun fi kowa shan wuya: sai direba (manhajar da ke sarrafa katin) mai lamba 495 a 2021 kamfanin ya rungumi hanyar da sauran ke bi, ƙyaftawar allo kuma ta ragu sosai ne da direba 555 a 2024.

Kunshin manhaja da direbobi

Ban da deb da rpm, tsofaffin hanyoyin ƙunshe manhaja don girkawa, akwai Snap, Flatpak da AppImage. Ubuntu ta mai da Firefox Snap daga 21.10, aka yi ta kuka da jinkirin buɗewarsa na farko. Linux Mint 20 tun 2020 ta toshe Snap da fayil mai suna nosnap.pref. Flatpak yana killace manhaja, shi ya sa ba ta ganin jigon mutum ko wasu foldoji sai an ba ta izini da Flatseal ko da umarnin flatpak override. Kuma ƙaramar manhaja ta farko tana iya janyo ginshiƙin da take gudana a kansa, mai ɗaruruwan megabait, abin da mai sayen data da kuɗinsa zai so ya sani kafin ya danna.

A tsofaffin laftof na hannu, katin Wi-Fi na Broadcom ya yi ƙaurin suna: direbansa ba ya cikin faifan girkawa na wasu nau'o'in, ga shi sai da intanet za a sauko da shi. Mafita ita ce a haɗa waya da kebul na USB a raba intanet ɗinta. Idan Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da ke loda lokacin kunna kwamfuta, na kunne, direbobin da ake ginawa a kan kwamfutar, har da na NVIDIA, ba za su loda ba sai an yi rajistar mabuɗi a shuɗin allon da ke fitowa sau ɗaya bayan sake kunnawa. Mutane da yawa sukan tsallake shi ba su san me ya sa direban ya ƙi aiki ba. Takardun Word da ke hargitsewa a LibreOffice kuwa, sau da yawa rashin harafin Calibri da Cambria ne. Carlito da Caladea faɗinsu ɗaya da su, saka su yana daidaita shafuka.

Rubuta Hausa

Linux yana zuwa da tsarin kibod na Hausa, ɗaya a ƙarƙashin Najeriya, ɗaya a ƙarƙashin Gana. A X11 umarnin setxkbmap ng -variant hausa ya wadatar, amma a GNOME bisa Wayland ba ya tasiri, domin tebur ne ke riƙe da kibod. A nan sai a ƙara shi daga saitunan kibod, ko a rubuta:

gsettings set org.gnome.desktop.input-sources sources "[('xkb','us'),('xkb','ng+hausa')]"

Mai buƙatar harafi jefi-jefi yana iya danna Ctrl+Shift+U a manhajojin GTK, ya buga lambar harafin, ya danna Enter: 253 don ɓ, 257 don ɗ, 199 don ƙ, 1b4 don ƴ da ake rubutawa a Nijar. Manyansu 181, 18a, 198 da 1b3 ne. A manhajojin Qt wannan ya dogara da ko IBus, manhajar shigar da haruffa, na aiki. Idan harafi mai lanƙwasa ya fito da siffa dabam da maƙwabtansa, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi, tsarin ya aro daga wani. Noto Sans da DejaVu Sans suna da su duka.

Kariya da gyara

Kafin a taɓa komai a GNOME, umarnin dconf dump / > saituna.txt yana kwafe saitunan duka, dconf load / < saituna.txt kuma yana mai da su. Wannan yana da muhimmanci domin dconf, ma'ajiyar saitunan GNOME, ba rubutu ba ce da za a buɗe a gyara da hannu. A Plasma kwafe foldar ~/.config ya isa. Timeshift yana ɗaukar kwafin fayilolin tsarin, amma a saitinsa na asali ba ya haɗawa da fayilolin mutum, saboda haka ba ya maye gurbin ajiya a faifan waje.

Kafin hawa sabon zubi, a kashe duk ƙari, a dawo da jigon asali, sannan a kunna su ɗaya bayan ɗaya. Idan tebur ya ƙi tashi, Ctrl+Alt+F3 yana kai mutum allon umarni, inda zai shiga da sunansa ya rubuta gsettings set org.gnome.shell disable-user-extensions true, ya sake kunnawa. Idan an rasa gane ko laifin na saitunan mutum ne ko na tsarin, a buɗe sabon asusu a shiga da shi: matsalar da ta ɓace a can tana cikin foldar gida. Saka GNOME da Plasma a asusu ɗaya kuwa yana jawo rikici, domin Plasma yana rubuta nasa saitunan GTK, sai a koma GNOME a tarar da alamomi da rubutu sun sauya. Ga ofis ko makarantar da ba ta da mai kula da kwamfuta na dindindin, zubi mai dogon tallafi irin Ubuntu LTS, mai shekara 5 na sabuntawar tsaro, ko Linux Mint da aka gina a kansa, yana tsayar da lambar tebur wuri ɗaya, don haka ƙarin da ya yi aiki ranar girkawa zai ci gaba da yi har a sauya zubi.