Tsarewa, Waƙafi da Ɗauri: Yadda Doka Ta Bambanta Mutanen da Ke Gidan Yari

A bakin jama'a, da zarar an ce wane yana gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, an gama magana: an ɗaure shi. A idon doka kuwa, mutanen da ke bayan katangar nan ba matsayinsu ɗaya ba. Alƙaluman da hukumar gidajen gyaran hali ta Najeriya ke fitarwa sun daɗe suna nuna cewa kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke ciki babu wata kotu da ta same su da laifi. Jiran shari'a suke yi. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, don haka kiran irin waɗannan mutane ɗaurarru kuskure ne. Kuma kuskuren yana cutar da iyalansu, domin wanda bai san matsayin ɗan'uwansa ba bai san ƙofar da zai buga ba.

Abin yana farawa ne daga kamu. 'Yan sanda su kama mutum, su kai shi caji ofis, su sa shi bayan kanta. Wannan tsarewa ce, kuma tana da wa'adi. Sashe na 35 ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Tuhumar da hukuncinta kisa ne, kamar fashi da makami, an cire ta daga wannan wa'adin. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta hana kama wani a madadin wani. Ba a tafiya da uwa don ɗanta ya gudu, ko mata don an rasa mijinta. Ta kuma hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar kasuwanci zalla. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata waɗannan biyun. ACJA ta kotunan tarayya ce da Abuja, amma jihohi sun yi irin tasu, kuma galibin tanade-tanaden sun yi kama da juna.

Mataki na biyu shi ne waƙafi, wato kotu ta tura mutum gidan yari ajiya kafin a gama shari'arsa. A nan ne mutane suka fi ɓata, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Ga yadda yakan faru. An kama matashi bisa zargin fashi ko kisan kai. 'Yan sanda suka kai shi gaban majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, ta babbar kotu ce, saboda haka ba a ma tambayi yaron ya amsa laifi ko bai amsa ba. Aka rubuta takardar tsarewa, aka sa shi a mota, aka ce fayil zai tafi ma'aikatar shari'a don a ba da shawara ko akwai hujjar gurfanar da shi. Zaman da aka yi bai kai minti goma ba. Daga nan sai jira. Ɗan sandan da ya yi bincike ya samu canjin wurin aiki, fayil ya kwanta a wani ofis, ranar zaman kotu ta zo babu motar kai fursunoni. Wata ya zama shekara.

Doka ba ta yarda da wannan ba. A ƙarƙashin ACJA, umarnin waƙafi na farko ba ya wuce kwana 14. Ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili. Bayan haka kotu za ta kira shugabannin 'yan sanda da Antoni Janar su bayyana dalilin da zai hana a saki mutumin, ta ba su wa'adin da shi ma bai wuce kwana 14 ba. Idan sun kasa, kotu ta sake shi. Akwai kuma wani sharaɗi a sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki da mutane ƙalilan suka sani: ba a riƙe mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da doka ta tanada wa laifin da ake zarginsa da shi. Idan laifin shekara biyu ne ƙarshen hukuncinsa, wanda ya shekara uku yana jira an zalunce shi, ko da daga baya za a same shi da laifin. Ni a ganina wannan shi ne babban abin kunyar tsarin shari'armu, domin wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, mai zaman waƙafi kuwa bai sani ba.

Iyalin da ɗansu ke wannan hali su fara da neman abubuwa uku a ofishin rajistara na gidan yarin ko na kotun: lambar ƙara, sunan kotun da ta ba da umarnin tsarewa, da ranar da aka ce a dawo da shi. Da waɗannan lauya zai iya aiki, babu su kuwa sai lalube. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don masu ƙaramin ƙarfi. Babban jojin jiha ma yakan ziyarci gidajen yari ya sallami waɗanda tsarewarsu ta saɓa wa doka ko ta wuce ƙima, kuma sunan da aka gabatar masa da cikakken bayani ya fi saurin samun kulawa. Beli kuwa ba wanke mutum ba ne, alkawari ne kawai cewa zai dawo kotu. ACJA ta faɗa ƙarara cewa ba a hana mace tsayawa beli don kawai ita mace ce.

Ɗauri na gaskiya yana zuwa ne bayan alƙali ya saurari shari'a, ya samu mutum da laifi, ya yanke masa wa'adi. A Arewa tushen wannan shi ne kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960, sai kuma kundin laifuka na Shari'ar Musulunci a jihohin da suka ɗauke shi tun daga Zamfara a 2000, inda ɗauri yakan shigo a babin ta'aziri. Lissafin wa'adin yana rikita mutane. Idan aka samu mutum da laifuka uku, kowanne shekara biyu, alƙali zai faɗi ko za su tafi tare ko ɗaya bayan ɗaya. Tare, shekara biyu ke nan. A jere, shida. Kalma ɗaya ce a cikin hukuncin, amma tana ɗauke da shekara huɗu na rayuwar mutum, don haka a saurara da kyau ranar yanke hukunci.

Maganar da ake yi cewa shekarar gidan yari wata takwas ce, ko wai ana ƙirga dare daban rana daban, tana da asali amma an karkata ta. Kalandar ɗaya ce. Abin da ke akwai shi ne rangwamen kashi ɗaya cikin uku na wa'adi ga fursunan da ya nuna halin kirki, kuma ana iya zaftare masa rangwamen idan ya yi laifi a ciki. Wanda aka yanke wa shekara uku zai iya fita bayan biyu. Idan kuma ya riga ya yi shekara guda a waƙafi, ACJA ta ce a sa wannan cikin lissafi, don haka lauya ya tabbatar alƙali ya rubuta ranar da ɗaurin ya fara.

Sau da yawa hukunci yakan zo da zaɓin tara: wata shida ko naira dubu ashirin. Mai kuɗi ya biya a kotu ya tafi gida, marar shi ya hau mota. A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta fara sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. Raba kuɗin nan ka ga abin da ya ajiye kowane ɗayansu: bai kai naira dubu 150 ba. A lura kuma, tara ta gwamnati ce, diyya ta wanda aka cuta ce. Biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗayar.

Ɗaurin rai da rai ma ana yi masa mummunar fahimta. Final Kod ya ambaci shekara 20 a matsayin ma'aunin rai da rai, amma don lissafin wani kaso na hukunci ne kawai. Ba alkawarin fita bayan shekara 20 ba ne. Hanyar fita ita ce ɗaukaka ƙara, ko afuwar shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175 na Kundin Tsarin Mulki, ko ta gwamna a sashe na 212, ko sakin sharaɗi idan an cika ƙa'idojinsa. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa, ya gama duk matakan ɗaukaka ƙara, ya kuma shekara 10 ba a zartar ba, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban joji damar mayar masa da shi rai da rai.

Ita wannan doka ta 2019 ce ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali, ta kuma kafa sashen hukuncin da ba na kulle ba. Sauya allon ƙofa bai rage cunkoso ba, amma sashen nan yana da amfani idan alƙalai za su yi aiki da shi. Akwai ɗaurin je-ka-gyara-halinka, inda ake yanke wa'adi a jingine shi, mutum ya koma gida, idan ya sake laifi a dawo da shi. Akwai aikin al'umma, kamar sharar kasuwa ko harabar asibiti. ACJA ta hana waɗannan ga laifin da ya shafi makami, ko lalata, ko wanda hukuncinsa ya wuce shekara uku. Shi kuwa ɗaurin talala da ake ji a labarai, hana mutum fita daga gidansa ne, kuma galibi masu mulki ke yi wa abokan hamayya ba tare da hukuncin kotu ba.

Fita ma iri-iri ce. Kotu tana iya sallamar mutum saboda masu ƙara ba su zo ba ko ba su shirya ba, kuma a irin wannan ana iya sake kama shi a gurfanar kan zargin nan dai. Idan kuwa an sallame shi an kuma wanke shi, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya hana a sake yi masa shari'a kan wannan laifi, sai dai da umarnin kotun da ke sama. Bambancin yana biyo mutum har wajen neman aiki da takara, tunda wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya ba ya tsayawa zaɓe sai bayan shekara 10. Wanda aka wanke ya koma ofishin rajistaran kotu ya karɓi kwafin hukuncin mai hatimi ya adana, kuma idan tsarewar da aka yi masa tun farko ba ta bisa doka ba ce, sashe na 35 ya ba shi damar neman diyya da ban haƙuri a bainar jama'a daga hukumar da ta tsare shi.