Mece ce "Remastered" da ake liƙa wa tsoffin bidiyoyin waƙa?

Kwanakin baya wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Yaya, ba kai ka ce mutumin nan ya daɗe da mutuwa ba? To yaushe aka ɗauki wannan?" Da na duba sai na ga Freddie Mercury ne, mawaƙin ƙungiyar Queen ta Ingila, zaune gaban fiyano, gumi na tsattsafo masa a goshi, kana iya ƙirga ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Hoton fes, sai ka rantse da wayar bana aka ɗauka. A saman bidiyon an rubuta "Remastered". Na ce masa wannan wasa an yi shi tun kafin mahaifiyarmu ta yi aure, kalmar da ke sama ce ta ruɗe shi.

Asalin kalmar daga "master" ne, wato uwar faifai, wadda daga jikinta ake kwafo duk sauran. Wanda ya san zamanin kaset ya san wannan: akwai na asali, akwai kwafi, akwai kwafin kwafi, wanda kafin ya iso hannunka muryar mawaƙin ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. To rimasta, kamar yadda bakinmu ke faɗinta, ita ce a koma ga uwar, a tsabtace ta da kayan aikin zamani, a fitar da sabuwar uwa da za a riƙa kwafa daga gare ta. Ba a sake yin wasan, ba a sake rera waƙar. Wanki ne da guga, tufar tana nan yadda tela ya ɗinka ta.

Aƙalla dai haka ya kamata ya kasance. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba kowace uwa ce ke da abin da za a fito da shi ba, kuma ba kowane mai wanki ne ke tsayawa a wanki ba. Tarihin bidiyoyin Queen ya isa misali, don masoyansu sun shafe shekaru suna kace-nace a kan wannan batu.

Bidiyon da ƙanena ya nuna mini an ɗauke shi ne a birnin Montreal na ƙasar Kanada, a ranakun 24 da 25 ga Nuwamba, 1981, a wani babban zaure da ake kira Forum. Su huɗu ne cur a kan dandamali: Freddie, da Brian May mai jita, da Roger Taylor mai ganga, da John Deacon mai jitar bas. Daga shekarar da ta biyo baya ne suka fara tafiya da ƙarin mai kiɗa. Wani darakta Ba'amurke, Saul Swimmer, shi ya ɗauki wasan, kuma ya ɗauke shi ne a kan zaren fim irin na silima, mai faɗin milimita 35. Wannan zaɓi nasa shi ne sirrin komai. Zaren fim jerin ƙananan hotuna ne na zahiri, guda 24 a kowace daƙiƙa, waɗanda in ka ɗaga su sama za ka gan su da idonka. Kowane ɗaya yana ɗauke da bayani mai yawan gaske, fiye da abin da talabijin ɗin wancan zamani ke iya nunawa nesa ba kusa ba. Mutanen da suka kalli wasan a kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980 ɗan tsakure kawai suka gani. Sauran yana kwance a cikin gwangwani yana jira.

Aikin mai rimasta shi ne ya ɗauko zaren, ya share ƙura, ya saka shi a na'urar da ke ɗaukar hoton kowane gida daki-daki ta zuba a kwamfuta. Lissafa ka gani: wasan minti 90 hotuna 129,600 ke nan. Sai a bi su ana goge ƙarzuwa da tabo, ana tsayar da hoton da ke rawa, ana dawo da launin da ya koɗe. An yi wa wasan Montreal wannan aiki aka fitar da shi a 2007 da sunan Queen Rock Montreal, aka sake gyara shi aka haska a manyan allunan silima na IMAX a watan Janairun 2024. Wani abin da ke sosa ran masoya shi ne, daren farko na wasan ya faɗo daidai shekara goma cif kafin rasuwar Freddie, wanda ya rasu ranar 24 ga Nuwamba, 1991.

Sai dai tsabtar hoto tana tona asiri. An haɗa fim ɗin ne daga darare biyu, kuma 'yan ƙungiyar ba su ji daɗin yadda masu kyamara suka cika musu dandamali ba. An nemi Freddie ya sa kaya iri ɗaya a dararen biyu don a ji daɗin haɗawa, shi kuwa gogan naka ya ƙi ba da haɗin kai, har ya ƙare wasa da gajeren wando. Masoya na ƙwarai yanzu sun mai da shi wasa, suna zama suna tsince wane yanki ne na daren farko, wane ne na biyu. Akwai kuma waƙoƙi biyu da aka rera a wurin, suna cikin faifan sauti amma babu su a fim. Duk iyawar mai gyara, abin da ba ya cikin gwangwani ba zai haifo shi ba.

Yanzu kwatanta da wani wasan nasu da ya yi suna ƙwarai, na filin Wembley da ke Landan, ranakun 11 da 12 ga Yuli, 1986, wanda Freddie ya fito da jaket ruwan ɗorawa gaban mutum kusan 72,000. Tambayar da masoya ba sa gajiya da ita ita ce, me ya sa ba a fitar da shi garau kamar na Montreal ba? Amsar ba ta da daɗi. Da kyamarorin gidan talabijin aka ɗauke shi, a kan kaset ɗin bidiyo, shi kuwa kaset iyakarsa layuka 576 na hoto, irin tsarin talabijin na Ingila wanda mu ma shi muka gada a Najeriya. In aka juya shi zuwa lissafin kwamfuta, ɗigon hoto kimanin 415,000 ne. Allon da ake kira 4K yana da ɗigo sama da miliyan 8, ninki ashirin ke nan. Ina za a samo sauran kaso goma sha tara? Babu su, ba a taɓa ɗaukarsu ba. Haka abin yake ga fitowarsu ta minti ashirin da 'yan kai a taron Live Aid na 13 ga Yuli, 1985, wanda aka shirya don tara gudummawa ga masu fama da yunwa a Habasha. Wasan da ake yi wa kirari da cewa babu kamarsa, amma a kaset yake.

Abin dariya, mako biyu kacal bayan Wembley suka yi wasa a Budapest, babban birnin Hungary, ranar 27 ga Yuli, 1986, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. Masu shirya fim na ƙasar suka ɗauke shi a kan zaren milimita 35. Da aka gyara shi aka fitar a 2012, sai ga Freddie yana rera wata waƙar gargajiya ta mutanen ƙasar yana satar kallon tafin hannunsa, inda ya rubuta baitocin. Rangadi ɗaya, wata ɗaya, mutane ɗaya, amma ɗaya ya fito tas, ɗaya yana nan da hazonsa.

Nan ne fasahar ƙirƙirarriyar basira ta AI ta shigo, nan ne kuma rigimar ta fi zafi. Akwai manhajojin da za ka ba su hoto mai dishi-dishi su cike gurbin da hasashe. Sun ga miliyoyin fuskoki, don haka sai su ce ai gashin baki haka yake, haƙora haka suke, su zana. Da yawa daga bidiyoyin da ke yawo a YouTube da tambarin "4K Remastered" irin wannan ne, wani ne a ɗakinsa ya ɗauko tsohon faifan DVD ya tura shi cikin manhaja, bai taɓa ganin uwar da idonsa ba. Matasan masoya da yawa suna yabawa, suna cewa yanzu ne suka ga gwaninsu da kyau, kuma me ya yi zafi tunda ba a canza waƙar ba. Tsofaffin hannu kuwa cewa suke wannan ba Freddie ba ne, zane ne mai kama da shi. Ni dai ina bayan na biyun, ko da yake na fahimci na farkon. Fuskar takan fito sumul ƙwarai, babu ramin gumi, babu tamoji, kamar gunkin roba da tela ke rataya wa kaya a ƙofar shago.

Ba masu gyara a ɗakunansu kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. Zaren fim yana da wani ɗan tsaki-tsaki a jikinsa kamar yashi mai motsi, wanda daga sinadarin da ke kama haske yake. Wasu masu gyara suna ɗaukarsa datti su kankare, garin haka su tafi da laushin fata da saƙar tufa. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Lokacin da darakta Peter Jackson ya fitar da dogon shirinsa kan ƙungiyar mawaƙan Beatles ta Ingila a 2021, daga fim ɗin milimita 16 da aka ɗauka a Janairun 1969, an yaba masa ƙwarai, amma wasu sun yi ƙorafin cewa fuskokin sun yi santsi fiye da kima. Sai kuma batun yankan hoto. Tsohon allo kusan murabba'i ne, na yanzu mai faɗi ne, don haka wasu kan datse sama da ƙasa don hoton ya cika allo. Wanda bai sani ba zai ga ya ƙaru, alhali an rage masa ne: ƙafar mai ganga ta tafi, fitilun sama sun tafi.

Ta fannin sauti akwai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma bambancinsu shi ne rabin faɗan. Idan ana ɗaukar wasa, kowane abu da layinsa: murya daban, jita daban, kowace ganga daban, ihun 'yan kallo daban. Daga baya injiniya ya haɗa su ya daidaita. Rimasta tana aiki ne a kan abin da aka riga aka haɗa, kamar miyar da ta dahu, iyakarka ka ɗumama, ka kwashe man da ya taso, ka ɗan ƙara gishiri. "Remix" kuwa komawa ce ga ɗanyun kayan miyan a sake girki. A nan ana iya ɗaga muryar da ta nutse, a ƙara wa ganga nauyi, a rarraba sautin ya zagaye mai sauraro ta gaba da baya. Ana kuma iya yin abin da masoya suka fi tsana, wato a sa kwamfuta ta miƙe muryar mawaƙi inda ta ɗan kauce. Da aka sake haɗa kundin waƙoƙin Queen na farko, na 1973, aka fitar a Oktoban 2024, Brian May da Roger Taylor sun nuna cewa yanzu ne gangunan suka yi irin ƙarar da suke so tun asali. Wasu masoyan suka yi murna, wasu suka yi ta zargin an taɓa muryar Freddie. Hujjar masu ƙorafin ita ce mutumin ba ya raye balle a tambaye shi, kuma ɗan karkacewar nan da numfashin da ke sarƙewa bayan ya yi gudu daga wannan gefen dandamali zuwa wancan su ne shaidar cewa mutum ne ya rera. Masu kare aikin kuma suna cewa masu kayan ne da kansu suka gyara, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma masu guna-gunin kuɗi, kuma ba su yi ƙarya ba. Mutum ya sayi wasa ɗaya a kaset, ya saye shi a DVD, ya saye shi a Blu-ray, yanzu an ce ga na 4K. Kowane karo ana ce masa wannan ne na ƙarshe.

Da na gama yi wa ƙanena wannan dogon bayani, sai ya kawo tambayar da ta fi damunsa: kaset ɗin bikin iyayenmu da ke cikin akwati fa, za a iya mai da shi haka? Na ce masa a'a. Da kyamarar VHS aka ɗauka, wadda ba ta ma kai ta gidan talabijin ba, kuma matsalar da ke kan tsoffin finafinan Hausa na shekarun 1990 ke nan, tunda su ma a kaset aka yi su. Ana iya juye shi a kwamfuta tun kafin zafi da ƙura su gama cinye shi, a rage shuuu ɗin da ke cikin sautin, a gyara launi. In aka matsa wa manhaja ta ƙara, za ta ba ka amarya kyakkyawa, sai dai ba lallai ka gane ta ba.

Na kuma nuna masa yadda zai riƙa bambancewa in ya ci karo da kalmar. Kada ya tsaya kan fuskar mawaƙi, don nan manhaja ta fi ƙwarewa. Ya dubi 'yan kallo na can baya: a gyaran gaske mutane ne ƙanana, a na hasashe fuskokinsu kan narke su zama wasu halittu. Ya dubi rubutun da ke jikin riguna da alluna, ko haruffa ne ko shirme. Sannan ya dubi hannun Brian May na dama. Shi ba ya kaɗa jita da 'yar robar da sauran makaɗa ke amfani da ita, da tsohon kwabon Ingila mai darajar sisi yake kaɗawa. A bidiyon da manhaja ta ƙaga, in hannun ya yi sauri, yatsun da kwabon da igiyoyin jitar duk sukan dunƙule su zama abu guda. Ya karɓi wayarsa ya koma baya, ya tsayar da hoton daidai wurin, ya ƙura masa ido.